Tambarin Da Ke Magana Da Waya: Abin Da Zai Ƙara Mana Da Abin Da Zai Iya Rage Mana

Jawabin da aka gabatar wa mambobi a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

 

Kwamitin shirya taro ya ce mu yi magana a kan wani baƙo da ya fara shigo mana cikin kaya ba tare da sallama ba. Waɗanda ke sari a Guangzhou ko Dubai ko Istanbul wataƙila sun lura da shi: ka ɗaga takardar da ke rataye a wuyan riga ka duba ta a hasken rana, sai ka hangi wani zane mai kama da azurfa a cikinta, da ɗan ɗigo baƙi a tsakiya. Wasu kuma an riga an zo musu har shago da na'ura a jaka, ana cewa su saya kafin zamani ya bar su a baya. Muna so kowa ya fita daga wannan ɗaki ya san mene ne abin, ina zai amfane shi, ina kuma zai iya cizonsa.

Tun lokacin da kakanninmu ke kai kanwa da fata Gwanja su dawo da goro, tambayar ɗan kasuwa ba ta canza ba: wannan kaya daga ina ya fito, kuma shi ne abin da aka ce shi ne? Amsarmu a da tana hannu da ido da hanci. Mai atamfa ya karanta gefen turmi, ya murza yadi tsakanin yatsu. Mai shadda ya saurari ƙararta. Mai turare ya ɗiga a bayan hannu ya jira. Inda waɗannan suka gaza, sai a koma ga maganar maigida da dillali. Yanzu masu jabu sun ƙware har tsohon hannu ma yakan sha, shi ya sa masana'antu suka koma neman shaidar da waya za ta iya karantawa.

Abubuwa uku ne mutane ke cakuɗawa, kuma masu tallar na'ura suna jin daɗin wannan cakuɗawar.

Na farko shi ne tsohon zanen layi-layi da ke bayan kwalin sabulu da gwangwanin madara, wanda ake kira bakod. An fara haska shi a kanti ranar 26 ga Yuni 1974, a garin Troy na jihar Ohio a Amurka, a kan fakitin cingam na Wrigley's. Irin wanda muka fi gani yana da lambobi 13 a ƙarƙashinsa. Ukun farko suna nuna ofishin da kamfani ya yi rajista a wurin hukumar GS1 mai raba waɗannan lambobi a duniya: 615 Najeriya, 603 Gana, 617 Kamaru, 618 Kwaddibuwa, 629 Daular Larabawa, 868 da 869 Turkiyya, 690 zuwa 699 Sin. Ku lura da kyau, inda aka yi rajista suke nunawa, ba inda aka ƙera kaya ba. Kamfani na iya rajista a Dubai ya ƙera a Sin. Sannan duk kwalayen sabulu iri ɗaya lamba ɗaya suke ɗauke da ita, ko guda miliyan ne. Don haka idan wani ya haska bakod da waya, sunan kaya ya fito, ya ce maka ga shaida nan gangariya ne, bai nuna maka komai ba. Injin hoton takarda ma zai kwafi wannan zane.

Na biyu shi ne murabba'in nan mai ɗige-ɗige, lambar QR. Wani kamfanin Japan mai suna Denso Wave ne ya ƙirƙiro ta a 1994 don bin sawun kayan gyaran mota a masana'anta. Tana ɗaukar bayani fiye da bakod nesa ba kusa ba, har adireshin shafin intanet, kuma kyamarar kowace babbar waya tana karanta ta. Amfaninta ke nan, raunin ta ma ke nan: yaron da ya iya waya zai haɗa tasa cikin minti ɗaya, kyauta.

Na uku shi ne baƙon namu, tambarin rediyo, wanda masu sana'ar ke kira RFID. Wannan zanen azurfa da kuka hanga eriya ce, ɗigon tsakiya kuwa 'yar ƙwayar lantarki ce da ba ta fi ƙwayar yashi girma ba sosai. Ba ta da batir. Na'urar karantawa ce ke watso igiyar rediyo, eriyar ta kama, ƙwayar ta samu ɗan ƙarfin da za ta farka ta faɗi lambarta, sai ta koma barci. Ba sai an ga tambarin da ido ba, ana jin sa ta cikin kwali ko dila. Kuma kowace riga da tata lambar, ko launi da girma ɗaya ne.

Shi ma iri biyu ne, kuma a nan ne ake yi wa mutane wayo. Akwai mai dogon zango, wanda ake ji daga nisan mita da yawa, ana karanta ɗaruruwa cikin ƙiftawar ido. Wayarka ba ta karanta wannan, sai an sayi na'ura ta musamman mai kama da bindigar wasan yara, kuɗinta ɗaruruwan daloli. Akwai kuma mai gajeren zango, NFC, wanda sai an kusa haɗa shi da bayan waya, kamar faɗin yatsu biyu ko uku. Shi ne ke cikin fasfo na zamani, da katin banki mai alamar igiyoyi huɗu masu lanƙwasa, da katin Cowry na shiga motocin BRT a Legas. Har ƙwallon da Adidas ya yi wa gasar cin kofin duniya ta 2018 an saka masa. Wannan waya na karanta shi, amma ba kowace waya ba. Da yawa daga wayoyi masu sauƙin kuɗi da ke hannun abokan cinikinmu ba su da shi, balle ƙaramar waya mai madannai da har gobe ita ce a aljihun manomi da makiyayi.

To me ya sa manyan kantuna suka rungume shi? Ba don mai saye suka fara ba, don ƙirga ne. A 2003 Walmart ya sanar da manyan masu kawo masa kaya guda 100 cewa daga Janairun 2005 sai da tambarin rediyo a kan kwalaye. Masu kawo kayan sun yi ta ƙorafi, domin su ke biyan kuɗin tambari shi kuma ke cin moriya, abin ya yi sanyi na wasu shekaru. Sai da farashin tambari ya faɗi ƙwarai, ya koma 'yan santi kaɗan na dala ga mai sayen miliyoyi, sannan masu tufafi suka shiga da ƙarfi. Zara ya fara bazawa a kantunansa a 2014. A Uniqlo da Decathlon yau mai saye yana zuba kaya cikin wani akwati, allo ya lissafo su duka da farashinsu, ya kara waya ko kati ya biya ya fita. Amma kada mu ɗauka duk abin da aka gwada a can ya zauna. Amazon ya buɗe wa jama'a kantin da babu mai karɓar kuɗi a Seattle a 2018, inda kyamarori ke lura da abin da ka ɗauka, a 2024 kuma ya cire tsarin daga manyan kantunansa na kayan abinci a Amurka. Masu kuɗin da ba su da iyaka ma suna gwadawa su janye.

Ga mai sito a Kantin Kwari ko mai magaza a Maraɗi, amfanin ƙirgar nan a fili yake. A ce an ɗora maka kwali 400 na takalma a Kwatano, sun iso 391. A ina tara suka sauka? Direba ya rantse, yaron mota ya rantse, 'yan dako sun rantse, mai sito ya ce haka ya karɓa. Irin wannan shari'a ita ce ta fi cin lokacin kwamitin sulhu na kowane reshe, kuma ta raba zumuncin shekara talatin. Idan kowane kwali yana da tambari, aka karanta a wurin lodi, aka karanta a wurin juye, aka karanta a ƙofar sito, to an san tsakanin ina da ina kaya suka ɓace, har ma waɗanne kwalaye ne. Wannan kaɗai ya isa mu tsaya mu duba abin da idon basira.

Sai dai yana da abokan gaba biyu, ƙarfe da ruwa. Ƙarfe yana mayar da igiyar rediyo, ruwa yana shanye ta. Tufafi, takalma, jakunkuna, katifu da kayan roba suna karantuwa lafiya. Tukwanen alminiyom, gwangwanin tumatir, jarkar man gyaɗa da katan ɗin lemo kuwa sai an nemi tambari na musamman mai tsada, ko a riƙa tsallake wasu. Duk mai tallar da ya gwada muku da riga, ku ce ya gwada da kayan da kuke sayarwa, a cikin sitonku, an jibge su yadda kuka saba jibgewa.

Yanzu maganar jabu, wadda muka san ita ce ta fi damun masu magani, turare, man shafawa, batir, kayan gyaran babur da atamfa. Mu a wannan yanki ba baƙi ba ne ga tantance kaya da waya. A 2010 hukumar NAFDAC ta Najeriya ta fara tsarin kankare lamba a jikin kwalin magani a tura ta saƙon tes, amsa ta dawo ko na gaske ne ko a'a, tare da kamfanoni irin su Sproxil da mPedigree wanda Bright Simons na Gana ya kafa. An ƙarfafa shi a kan magungunan zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta. Dalilin ba ƙarami ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na kayan magani a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marar inganci. Kyawun wannan tsari shi ne kowane kwali da lambarsa, ana amfani da ita sau ɗaya, kuma ƙaramar waya ma tana yi.

Amma ga inda iyaka ta shigo. Gajeriyar lambar da ake tura saƙon tana aiki ne da layukan ƙasar da aka yi ta dominta. Kwalin da ya tsallaka Jibiya ko Illela ko Gamboru ya faɗa hannun mai layin wata ƙasa, sau da yawa saƙon ba ya zuwa ko'ina. Mai saye a ƙauyen Damagaram yana riƙe da shaida a hannu, ba shi da hanyar tambaya. Tambarin NFC da lambar QR suna da fifiko a nan, domin ta intanet suke bi, ba ruwansu da layin wace ƙasa, in dai akwai sabis, ko rezo kamar yadda 'yan uwanmu na Nijar ke cewa. Wanda ya san hanyoyinmu kuwa ya san wuraren da babu.

Masu jabu su ma ba barci suke ba. Suna buga tasu lambar QR, su buɗe nasu shafin mai kama da na kamfani, ka haska ya ce maka kayanka na gaske ne, an gode. Ɓarawo ne ya ba wa kansa shaida. Tambarin NFC mai arha ma ana kwafarsa. Wanda ke da wuyar kwafa shi ne irin da ke sauya lambar sirri duk lokacin da aka kara masa waya, ko wanda aka ratsa siririyar wayarsa ta kan murfi, da an buɗe kwalba ta tsinke, waya ta nuna an taɓa buɗewa. Wannan na biyu ya dace da masu turare, domin tsohuwar dabarar ita ce a tara kwalaben gaske a sake cika su. Doka mai sauƙi ita ce a yi amfani da manhajar kamfanin da kansa, ko a karanta adireshin shafin harafi bayan harafi, kada a tsaya ga koren launi da alamar daidai.

Akwai kuma abin da tambari ba zai taɓa faɗa maka ba. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya bayan shan wasu magungunan tari da aka shigo da su daga Indiya. Ba kwaikwayon kayan wani aka yi ba, daga masana'antarsu suka fito, gurɓacewar tana cikin haɗin. Da akwai tambari a jikinsu, da ya amsa cewa na asali ne. Tambari yana gaya maka wanda ya yi kaya. Ko ya yi shi da kyau, ko rana ta lalata shi kwana tara a kan tirela a bakin iyaka, wannan har yanzu aikin hukumomin gwaji ne da idonka da sunan wanda ka saya a hannunsa.

'Yan uwa, yanzu mun zo ga abin da mai tallar na'ura ba zai gaya muku ba, kuma a ganinmu shi ne ya fi komai nauyi a wannan zance.

Duk lokacin da aka haska kaya mai lambar kansa, masana'anta tana iya sanin wane kwali ne, yaushe, kuma kusan a ina. Ta kuma san wane dila ta sayar wa wannan kwali. Manyan kamfanoni suna raba kasuwa ƙasa-ƙasa, kowace da wakilinta da farashinta. Kayan da aka yi wa farashin Legas, idan suka bayyana a Yamai ko Garwa ko Njamena, su a wurinsu karkatar da kaya ne, ko da an biya kwastan da duwan har sisin ƙarshe. Mu kuwa a wurinmu sunan wannan kasuwanci. Bambancin farashi tsakanin gari da gari shi ne abincinmu tun kafin a ja layin iyaka. Ɗaya daga cikin abubuwan da ake tallata wa masana'antu wannan fasaha da shi shi ne kama irin wannan zirga-zirga. Ranar da wakilin wata ƙasa ya kai ƙara cewa kayan maƙwabta sun cika masa kasuwa, ba sai an yi dogon bincike ba, lambobi za su nuna dilan da ya sayar mana, a ja masa kunne ko a yanke masa kaya, shi kuma ya rufe mana ƙofa. Ba mu karya dokar kowace ƙasa ba, amma hanyar ta toshe.

Na biyu, idan mai saye ya kara waya a jikin kaya, shafin da ke buɗewa na kamfani ne. Can za a nuna masa farashin da kamfani ya ga dama, wanda bai lissafa kuɗin mota da shingaye da faɗuwar canji ba, sai ya dube ka kamar ka cuce shi. Can kuma za a iya ce masa ya bar lambarsa, a turo masa kai tsaye a gaba. Abokin cinikin da ka yi shekara goma kana ba shi bashi har kaka, kamfani ya san shi ta hanyar kayan da kai ka ɗauko a kan kuɗinka.

Ba muna cewa a guji kaya masu tambari ba. Ba za mu iya ba ma, domin ba mu ke saka shi ba, kuma ɓare shi yana sa mai saye zargin jabu. Abin da muke cewa shi ne lokacin sari a ɓoye a hannun dila yana ƙarewa ga manyan kayayyaki masu suna. Wanda ke kai kayan wani kamfani ƙetare a kai a kai, gara ya nemi a san da shi a rubuce, ko shi kaɗai ko a ƙungiyance. Masana'anta ba za ta saurari mai kwali hamsin ba. Reshen da ke ɗaukar tirela goma a wata kuwa za a ba shi kujera, domin su ma sun san babu wakilin da ke kai kaya kasuwannin ƙauye na mako-mako kamar mu. Rubutun da tambari ke tarawa, idan muka iya riƙe namu kwafin, shi ne hujjar da za mu aza a kan tebur: ga abin da muka sayar muku a shekara, ga garuruwan da muka kai.

Wani ya tambaye mu ko jami'i ko ɗan fashi mai na'ura zai iya sanin abin da ke cikin mota ba tare da kwance tamfol ba. Idan tambarin mai dogon zango ne kuma motar ba rufaffiyar ƙarfe ba ce, zai iya jin wasu daga cikin lambobin idan ya matso kusa. Kwantena tana tarewa. Wannan kaifi biyu ne: zai iya rage sauke kaya a shinge don ƙirga, idan wata rana hukumomi suka amince da shi, amma kada kowa ya saya bisa wannan fata tukuna.

Sai biyan kuɗi. A nan ba sai mun yi dogon bayani ba, ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya koya wa har mai sayar da albasa karɓar tiransifa. Gana ta ƙaddamar da GhQR a 2020, Najeriya ta fito da NQR a 2021, kuma wanda ya je Sin ya ga yadda ko mai shayi ba ya son takarda, sai Alipay ko WeChat. A kan biya ta hanyar kara kati ko waya, Babban Bankin Najeriya ya sa iyaka a Yunin 2023: naira 15,000 a biya ɗaya, 50,000 a yini, abin da ya haura sai da lambar sirri ko makamancinta. Wato an yi shi don ƙananan ciniki, ba don sari ba.

Hatsarin da ke ciki mun san wasu. Alat na bogi har yanzu yana cin mutane, kuma maganinsa bai canza ba: kada kaya su bar shago sai ka ga kuɗin a cikin asusunka, a wayarka, ba a allon wayar mai saye ba. Sabon salo shi ne a manna wata lambar QR a kan taka a bakin shago, ciniki ya riƙa tafiya asusun wani. Kowace safiya yaro ya haska ta ya ga sunan da ya fito, mai biya kuma ya faɗi sunan da ya gani kafin ya danna. Akwai kuma namu na kan iyaka, wanda babu kamfanin da ya yi tunaninsa. Mu da baki muke ciniki da dala da jika, waya kuwa faran take ƙirgawa. An ce wa yaron Kano dala ɗari biyu, ya rubuta 200, alhali jika guda ake nufi, 1,000. A Kumasi kuma akwai dattawan da har yau ke lissafi da tsohon sidi, duk da an cire masa sifiri huɗu tun 2007. A riƙa nuna wa juna allo kafin a tura.

Babban giɓin shi ne duk waɗannan tsare-tsare suna tsayawa a bakin iyaka kamar motar da ba ta da takardu. Lambar QR ta naira ba ta karɓar sefa. Sefar Yamai da ta Garwa darajarsu ɗaya a kan yuro, 655.957, amma bankunansu biyu ne, ɗaya a Dakar ɗaya a Yawunde. An ƙaddamar da PAPSS a Akra a Janairun 2022 domin ɗan kasuwa ya biya da kuɗin ƙasarsa, ɗan uwansa ya karɓa da nasa, kuma ta bankuna yake bi, don haka kowa ya tambayi bankinsa ko ya shiga, da abin da yake cira. Kafin ya game kasuwanninmu, 'yan canjin Wapa da takwarorinsu, da ofisoshin aika kuɗi irin su Nita da Amana, suna nan da aikinsu. Mu da muka ga an rufe iyakokin Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, muka sake ganin rufewa bayan Yulin 2023, ba za mu zuba duk jarinmu a hanya ɗaya ba.

Duk abin da muka faɗa a kan kayan da muke shigowa da su ne. Namu fa da ke fita? Riɗi, zoɓo, citta, ƙaro, wake, albasar Galmi, kilishi, yaji, man kaɗanya. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Buhunan wasu ne suka jawo, amma da yake babu hanyar rarrabe buhun wane da na wane, kowa ya sha. Masu saye a waje suna ƙara neman a nuna musu daga wace gona, wane sito, wace rana. Hukumar GS1 kuma ta sa ƙarshen 2027 a matsayin lokacin da take son injinan kantuna su iya karanta lambobi irin na QR tare da tsohon bakod, masu ɗauke da ranar lalacewa da lambar rukuni. Hajiyoyinmu masu ƙulla yaji da kilishi da ke son shiga manyan kantunan Abuja ko Akra ko Duwala sun riga sun san ba a karɓar kaya babu lamba. Shawararmu ita ce a yi rajista ta gaskiya a ofishin GS1, kada a sayi lambar da mai buga leda ya ƙirƙiro ko ya aro daga kayan wani, domin ranar da ta ci karo da mai ita, kayanku za a sauke daga kanta. Ga buhu da leda, lambar QR da aka buga a takarda ta wadatar, ba sai an kai ga tambarin rediyo ba.

Masu dabbobi ma abin ya shafe su. A Tarayyar Turai tun 2010 ake saka wa tumaki da awaki shaidar lantarki, Botswana kuma ta daɗe tana bin sawun shanunta da ita don ta riƙe kasuwar nama ta Turai. Ɗan kunnen roba mai ƙwaya ba zai hana ɓarawon shanu yanke kunne ba. Amma a kasuwa irin Maigatari ko Mubi, inda ake haɗa dabbobin ƙasashe biyu ko uku, ranar da aka saba da shi, sa mai yankakken kunne zai sa a yi tambaya.

Ga abin da muke roƙon taro ya duba. Kada kowa ya yi gaggawar sayen na'ura shi kaɗai. Ƙungiya ta sayi guda ɗaya, a zaɓi sito ɗaya da kaya iri ɗaya, takalma ko tufafi, a gwada na tsawon wata shida a kan hanya ɗaya, ana ƙirga da hannu a gefe kamar yadda aka saba, sannan a kawo mana lissafi: nawa aka kashe a tambari, kwali nawa aka ceto, awa nawa aka rage. Kafin a saya a tambayi hukumar sadarwa, NCC a Najeriya, ARCEP a Nijar, NCA a Gana, ART a Kamaru, domin zangon rediyon da aka halatta ya bambanta: Turai na amfani da 865 zuwa 868, Amurka 902 zuwa 928, kuma na'urar da aka saita wa wata ƙasa tana iya zama ba bisa ƙa'ida ba a wata. A tambayi mai sayarwa ko akwai kuɗin wata-wata bayan an saya, da wane kuɗi za a biya, a ina bayananmu za su zauna, wa zai iya ganinsu, kuma idan mun rabu da shi za mu fita da su ko a'a. Amsar ta zama a rubuce.

Muna kuma roƙon kowane reshe ya ba da matasa biyu, mace da namiji, waɗanda za su koyi abin su koya wa iyayensu a shago, cikin Hausa, da Faransanci ko Turanci inda ake buƙata. Bayan cin abinci wasu daga cikinsu za su zauna a teburin bakin ƙofa da samfurin tambura da kwalaye. Kowa ya kawo wayarsa a duba masa ko tana da NFC, a nuna masa inda ake kunnawa. Masu sarin waya kuma su zo da guda ɗaya a kwalinta, a danna *#06#, a gwada lambobi 15 da suka fito da waɗanda ke jikin kwalin.